Baba Mai-Kwalba, Likitan Motocin Man Suya

Kafin mai shayi ya gama hura wuta, Baba Mai-Kwalba ya riga ya buɗe garejinsa. Ba sifana yake fara ɗauka ba, tsintsiya ce. Yakan share tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin teburin aiki, domin a cewarsa duk wanda ƙaramin noti ya ɓace masa a cikin shara, rabin yininsa ne ya ɓace. Sannan ya rataye rigar gida a ƙusa, ya sa ta aiki, wata shuɗiya da ta sha wanki har ta koma ruwan toka. Daga nan sai ya nufi tagar da ta jawo masa sunansa.

A bakin tagar kwalabe ne jere, sun fi ashirin. Baƙo zai ɗauka zuma ake sayarwa, ko maganin ciwon baya. To, ba ko ɗaya. Tsohon man suya ne, wanda gidajen abinci suka gama soya kifi da kaza da dankali da shi. Tun da dizal ya fi ƙarfin talaka, masu tsofaffin motoci suka koma karɓar wannan mai, su tace shi, su zuba a tanki, mota kuwa ta tafi. Kowa yakan kawo wa Baba ɗanɗano a kwalba ya duba masa. Wannan an ɗaura mata jan zare, waccan an ɗiga mata fenti a murfi, kuma bai taɓa rikita ta wani da ta wani ba. Yakan ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken safiya, ya karkata, ya girgiza, ya shinshina, kamar likita yana zagayen marasa lafiya.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana kwanciya a ƙarƙashin mota. Ƙarshen watan nan zai ajiye sifana, saboda baya ya fara ƙi, gwiwa ma ta bi sahu. Ba za a kafa rumfa ba, ba za a kira mai hoto ba. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da aka gani tun yana ji da kunnensa, don yabon gwani ya zama dole, kuma yabo a bayan ido ba ya sa tsoho murmushi.

Mai walda, wanda rumfarsa ke manne da garejin, shi ne shaidar farko, ko da yake shi da Baba ba sa yini ba su yi faɗa ba. Ya ce da idonsa ya ga wani direban bas ya zo kamar zai yi kuka, an faɗa masa a wani wuri cewa famfon injinsa ya mutu, sai an sayi sabo. Baba bai ko buɗe murfin inji ba. Cokali ya ɗauka, ya ɗebi man bas ɗin, ya ɗora a kan garwashin mai shayi. Sai mai ya hau ƙara, tas-tas-tas, yana tsalle.

"Ka ji?" in ji Baba. "Famfonka lafiyarsa ƙalau. Ruwa kake shayar da shi. Je ka rufe duron da kake ajiye mai, ruwan sama ke shiga."

Wani kuma ya zo da sabuwar mota fil, irin mai kwamfuta a ciki, yana so a mayar masa da ita mai shan man suya. Baba ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce masa ya tafi da abarsa, irin wannan inji cikinsa ba ya ɗaukar man suya, wata uku zai kashe ta. Mutumin ya tafi yana zage-zage. Mai walda ya leƙo ya ce, "Tsoho, kai kam da arziki kuke gaba." Baba ya ce, "Gara ya zage ni yau da bakinsa, da ya zage ni gobe da dukan danginsa."

Mai gidan abinci ta bakin titi kuwa cewa ta yi, da can a kwata take zubar da tsohon mai, har maƙwabta suka daina gaishe ta saboda wari da ɓeraye. Baba ne ya kawo mata jarkoki biyu, ya ce ta riƙa zubawa a ciki. Yanzu kwata ta bushe, gaisuwa ta dawo.

Amma wanda ya fi kowa sanin darajar mutumin nan shi ne Tela, mai shago a bayan kasuwa.

Tela mutum ne mai tsoro, ba don kansa ba, don 'ya'yansa. In ɗayansu ya yi tari, shi ne ba ya cin abinci. In sun makara da minti goma, ya riga ya leƙa titi sau biyar. 'Yarsa ta fari ta karanta aikin jinya, ta yi shekara biyu a gida tana jiran aiki, tana goge takardunta tana mayarwa jaka. Da kyar aka ɗauke ta a wani ƙaramin asibiti da ke can bayan gari, tafiyar awa guda, inda motar haya ba ta zuwa sai rana ta ɗaga, alhali ƙarfe takwas ake buɗe ƙofa. Kowa a unguwa Nas yake ce mata. Tela shi kaɗai ke ce mata Mamana, saboda sunan mahaifiyarsa gare ta.

Akwai wata tsohuwar mota mai injin dizal da ta daɗe tana shan rana a ƙofar gidansu. Ita Tela ya sa aka turo wa Baba. Baba ya tashe ta, ya ƙara mata wani ɗan tanki, ya koya wa Nas ƙa'ida: a tayar da dizal, in inji ya yi zafi a juya maɓalli zuwa man suya, kafin a kashe kuma a mayar dizal ya wanke hanya. Shi kuma Tela aka ba shi aikin tace mai.

Nan fa aka sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Sauran direbobi da tsohuwar singileti suke tacewa. Tela ya ce 'yarsa ba za ta hau motar da aka tace wa mai da tsumma ba. Ya zauna a kan keken ɗinki ya ɗinka jakunkuna na yadi mai kauri, ninki uku, ɗinki biyu a kowane gefe, da madaurin ratayewa. Mai walda ya gani ya ce, "Wannan ai ko amarya aka ɗinka wa sai ta gode."

Mota ta fara aiki. In ta wuce da safe, ƙamshin soyayyen kifi ke fita ta salansa, har mai walda ya rantse ya ga kyanwa uku suna bin ta a guje.

Sati na uku ta tsaya. A kan hanyar asibitin akwai wani dogon hawa, ba gida ba shago, sai duwatsu da ciyawa. A tsakiyarsa mota ta fara shessheƙa, Nas ta taka totur, ƙarfi ya ƙi zuwa, inji ya mutu. Ta kira Baba, ya hau babur ɗinsa ya je ya canza mata filta, wato ɗan gwangwanin nan da ke tare datti kafin mai ya shiga inji. Ya dawo da tsohuwar a leda.

Ga wata ɗabi'a ta Baba da ba kowane makanike ke da ita ba: ba ya yar da filta sai ya sa zarto ya raba ta biyu. Ya ce mota ba ta da baki, amma duk abin da ke damunta tana ajiye shi a cikin filta. Ya yanka wannan, ciki baƙi ƙirin kamar kwalta.

"Kada ka damu, Baban Nas," ya ce wa Tela. "Dattin tsohon tanki ne. Man suya yana kankare shi. Za ta yi haka sau ɗaya ko biyu, sannan ta daina."

Ta yi na biyu, a kan hawan nan dai. Ciki baƙi-baƙi, bai kai na farko ba. Baba ya ce an kusa. Tela kuwa tun daga ranar ya ƙara wa jakarsa ninki na huɗu.

Na ukun ne ya tayar da hankali. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Mota ta mutu a wuri ɗaya, kamar an yi mata alƙawari. Nas ta tsaya a gefen titi cikin yayyafi da farin kayanta, motoci suna wucewa suna watsa mata ruwa. Ranar awon ciki ce. Bayan Baba ya je ya canza filta, ta isa asibiti ta tarar da mata sun fi talatin a kan benci tun sassafe, wasu har sun gaji sun koma. Shugabar asibitin ba muguwa ba ce, amma ta miƙa mata takarda: gargaɗi na ƙarshe. In ta sake makara, akwai mutum biyar da ke jiran kujerar.

Da yamma Tela ya shigo gareji riƙe da makullin motar.

"Baba, na karɓe makulli. Ta zauna a gida. Aikin ya tafi, in dai ita tana nan."

"Sannu da zuwa, Baban Nas. Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. 'Ya mace, ita kaɗai, a dokar daji! In wani abu ya same ta, me zan ce wa uwarta? Me zan ce wa kaina?"

"Ita me ta ce?"

Tela ya ce, "Ba ta ce komai ba. Ta shiga ɗaki tana goge takalmin aiki."

Baba ya ɗauko filtar ranar, ya matse ta a bakin tebur, ya sa zarto. Da ta rabe, sai ya tsaya. Babu baƙi ko kaɗan. Ciki fari fat, ya daskare kamar sabulu. Ya lakato da yatsa, ya murza, ya shinshina. Ya dubi kwalbar Tela a taga, mai shuɗin zare, wadda aka kawo masa da tsakar rana: garau take, kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ya sake duban filta.

"Yaushe kake tace mai?"

"Ranar Asabar da hantsi."

"To, ranar Asabar zan zo gidanka shan ruwa. Makullin nan ka sa a aljihu, kada ka rantse a kan komai kafin nan."

Ranar Asabar Baba ya yi sallama, Maman Nas ta amsa, ta shimfiɗa masa tabarma. Bai zauna ba, domin ya hango hayaƙi a bayan ɗaki. Can ya iske Tela ya tuɓe riga, gumi yana zuba, ya ɗora wata ƙatuwar tukunya a kan murhu, mai yana tururi a ciki. Yana ɗiba da ludayi yana zubawa a jakar nan mai ninki huɗu, mai yana tsiyaya cikin duro shar-shar kamar ruwan famfo.

"Ka gan shi nan, Baba," in ji Maman Nas daga baya. "Babbar tukunyata ce. Wata biyu ke nan motarsa tana cin abinci a cikinta, mu muna ci a ƙarama."

Tela ya share goshi, yana murmushin wanda ke jiran yabo. "Da sanyi ba ya wucewa, Baba. Yini guda ba ya cika jarka. Amma in na ɗora shi a wuta, nan da nan. Sau uku nake tace kowane duro. Ko ƙwayar gari ba ta wucewa."

Baba ya dubi wutar. Sannan ya roƙi Maman Nas kwalba biyu. Ya cika ɗaya da man duron Tela, ɗaya kuma da wanda ya zo da shi daga gareji, ya ce ta saka su a firij. Suka zauna a inuwa, aka kawo shayi, Baba ya hau ba da labarin wata motar ɗaukar yashi da ta taɓa gudu da baya ba direba. Tela yana dariya, amma idonsa yana kan ƙofar kicin.

Bayan awa guda aka fito da kwalabe. Ta Baba ta yi kauri, amma ana hango yatsa ta cikinta. Ta Tela kuwa rabinta ya yi fari, ya sandare, ko an kifa ta ba ya motsi.

"Kitsen kaza ne da na nama," Baba ya faɗa a hankali. "Yana cikin kowane man suya. In mai yana da sanyi, kitsen yana da jiki, jaka takan kama shi. In ka ɗora a wuta sai ya narke, ya bi ta cikin yadi kamar ruwa, ko ninki goma ka yi. Da rana ba ya nuna kansa. Sai da sanyin safiya yake taruwa a filta, ga hawa kuma yana neman mai da yawa. Shi ke nan sai ta shaƙe."

Tela ya karɓi kwalbar da hannu biyu. Ya dube ta, ya dubi murhu, ya dubi jakar da ya ɓata dare da rana yana ɗinkawa. Garin neman gira an kusa rasa ido. Ashe duk tsayuwar da 'yarsa ta yi a cikin ruwa, daga wannan tukunya ta fito.

Daidai nan Nas ta fito daga ɗaki, ta durƙusa ta gaida Baba, ta ga kwalba a hannun mahaifinta.

"Baba, an gano ciwon?"

"An gano, 'yata. Laifin malami ne. Na ce wa babanki ya tace mai, ban ce masa da sanyi ake tacewa ba. Na duba kwalbarsa da rana, ban duba ta da safe ba. Shekara arba'in ina aiki, ga shi kitsen kaza ya kayar da ni." Ya ɗaga jakar yana juya ta. "Amma ki dubi ɗinkin nan. Duk garin nan babu mai matata irin ta babanki."

Nas ta dubi murhu, ta dubi fuskar mahaifinta. Yarinya ce mai hankali, ta gane komai. Sai ta ɗauki tsumma ta sauke tukunyar daga wuta, ta ce, "Mama, ga tukunyarki ta dawo."

Kai ne, Baba, ka ga mutum ya faɗi a gaban iyalinsa, ka durƙusa kusa da shi don kada a ga bambanci. Da wani makaniken ne, da ya yi shela, da kafin la'asar duk kasuwa ta san Tela ne ya toshe motar 'yarsa. Kai kuwa ka raba laifin biyu kamar yadda kake raba filta, ka ɗauki babban rabin ka sa a aljihu.

Washegari aka turo mota gareji. Baba ya zubar da man tanki, ya wanke shi, ya hura tiyo, ya cika mata daga nasa duron da ya yi wata guda a ajiye. Ya gaya wa Tela sabuwar doka: mai ya yi sati uku a rufe ba a taɓa shi ba, a ɗebi na sama a bar guggubi, a rataye jaka a inuwa ya ɗiga da kansa ko zai kwana biyu. Wuta kuwa, tsakaninta da shi sai hange.

Sannan ya ƙara da cewa:

"Ban yi maka alƙawarin ba za ta sake tsayawa ba. Akwai lungun da hannuna bai kai ba, sauran kitse zai iya fitowa sau ɗaya. Don haka, Nas, naɗe hannun riga."

"A'a, Baba!" in ji Tela. "Hannun allura ne fa, ba na sifana ba."

"Wadda take nemo jijiya a hannun jariri, noti ne zai gagare ta? Koma gefe, Baban Nas, kana tare mana haske."

Ya koya mata daki-daki. A rufe mai. A tara kwano a ƙasa. A sa madauri a kwance tsohuwar filta. A cika sabuwa da dizal, a shafa mai a bakin robarta, a ɗaura da hannu, ba da ƙarfi ba. A sassauta ƙaramin noti na sama, a riƙa danna famfon hannu har kumfa ta daina fita, don in iska ta maƙale inji ba ya tashi. Karon farko ta yi minti arba'in, ta jiƙe takalminta da dizal. Mai walda ya cire tabarau ya zama mai riƙe agogo, yana ihu kamar a filin ƙwallo. Karo na biyar, minti goma sha ɗaya.

"Tsoho, ka shiga uku," in ji mai walda. "Ta ƙwace maka sana'a."

Baba ya zuba mata filta biyu, madauri, sifana ɗaya da kwalbar dizal a cikin wani tsohon akwati, ya sa a but. Sannan ya miƙa wa Tela hannu. Tela ya daɗe yana lalube a aljihu, kamar makullin ya yi nauyin buhu. Ya fito da shi, ya ba Baba, Baba ya ba Nas.

Ranar Litinin, ƙarfe shida da rabi ta fita. Kafin bakwai Tela yana gareji, domin gida ya ƙi zaunuwa, shago kuma bai ko tuna da shi ba. Gari da sanyi-sanyi. Ya zauna a benci da waya a hannu, Baba yana shara. Bakwai da minti goma waya ta yi ƙara. Saƙo ne, kalma huɗu: Ta tsaya a hawa.

Tela ya miƙe zumbur, ya nufi babur ɗin Baba. Baba ya riƙo hannun rigarsa.

"Ina za ka?"

"Wajenta mana!"

"Kafin ka kai can takwas ta yi. Zauna."

"To bari in kira ta."

"Hannu biyu gare ta, duka suna aiki. Da wanne za ta ɗauka?"

Ya zare wayar daga hannun Tela, ya ajiye a tebur, ya kifa mata kwanon wanke noti. Ya ɗauko kwalba ɗaya daga taga ya ci gaba da dubawa kamar ba abin da ke faruwa. Amma mai walda, wanda ya kashe injinsa ya zo ya tsaya a ƙofa, ya ce ya lura kwalba ɗaya Baba ya riƙe duk tsawon lokacin, kuma a juye ya riƙe ta.

Tela bai taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Ya ga 'yarsa a ransa ta yanke yatsa. Ya ga noti ya faɗa cikin ciyawa. Ya ga wata mota ta tsaya a bayanta da mutanen da bai sani ba. Ya karanta duk addu'ar da ya iya, ya koma farko. Minti goma. Sha biyu. Sha uku.

Kwano ya hau kaɗawa a kan tebur. Tela ya kai hannu, kwano ya faɗi ƙasa da ƙara.

"Mamana! Lafiya? Kina ina?"

"Abba, ba Baba wayar."

Baba ya kara a kunne. Nas ta kai wayarta kusa da inji. Ƙararsa ta cika garejin, dum-dum-dum-dum. Baba ya lumshe ido yana saurare, kamar mai jin muryar jikansa.

"Akwai sauran iska kaɗan, za ta fita da kanta. Rufe murfi ki tafi, 'yata. Kada ki manta da tsohuwar filtar, ki kawo mini."

Takwas saura minti bakwai ta sa hannu a rajistar asibiti, da ɗigon baƙin mai a hannun farar rigarta. Shugabar ta ga tabon ta tambaya, da ta ji labari sai ta ce ashe asibitin ya samu nas da makanike a kujera ɗaya. Tela kuwa, a can gareji, ya juya wa mutane baya yana goge ido, ya ce hayaƙin walda ne. Mai walda ya ce, "Injina a kashe yake tun ɗazu, amma ba komai, na ɗauki laifin. A nan wurin haka muke yi."

Wata goma sha huɗu ke nan, motar ba ta sake tsayawa ba. Nas tana canza filta da kanta duk wata biyu, a ƙofar gida, sanye da wata shuɗiyar rigar aiki da mahaifinta ya ɗinka mata, mai aljihun sifana a gefe. Sau biyu ta tsaya a kan hawan nan, ba don motarta ba, don ta wasu. Jakunkunan Tela kuma yanzu suna rataye a gidajen direbobi fiye da talatin, domin Baba duk wanda ya zo masa da singileti sai ya tura shi bayan kasuwa. Kowace jaka Tela yana ɗinka mata ɗan jan ƙyalle a baki, in an tambaye shi na mene ne, sai ya ce na tuni ne: kada a kai ta kusa da wuta. Har yanzu yana leƙa titi in yamma ta yi, wannan ba ya warkewa. Amma sau ɗaya yake leƙawa, ba sau biyar ba.

Baba Mai-Kwalba, likitan da marasa lafiyarsa ba sa magana. Kai ne ba ka yanke hukunci sai ka buɗe ciki ka gani. Kai ne ka bar garejinka ka bi ciwo har gidan da aka haife shi. Da ka so, da ka bar yarinyar nan tana kiranka duk sanda mota ta tsaya, ka zama wanda ba a iya yi sai da shi. Sai ka ɗauki abin da ke kanka ka sa a hannunta. Mu masu 'ya'ya a kan hanya, mu muka san nauyin wannan. Uba ba ya iya bin 'yarsa ko'ina, sai dai ya yi fatan ta haɗu da irinka. Mun gode. Allah ya huta da bayanka, ya ba gwiwarka sauƙi, ya tsaya wa naka 'ya'yan a duk hawan da suka tsaya.

Ku kuma masu sana'a, makanikai da masu gyaran waya da teloli da duk wanda mutane ke kawo wa abinsu a lalace, ga madubi nan. Ku buɗe ku duba kafin ku ce a sayi sabo. In kun gano kuskuren mutum, ku gyara kuskuren ku bar masa mutuncinsa. Abin da kuka iya kuma, kada ku tafi da shi.

Shekaranjiya Nas ta biya gareji daga wajen aiki, ta kawo wa Baba filtar da ta cire, wadda ita ce ta ƙarshe da zai yanka mata. Ya matse ta a bakin tebur, ya ɗauki zarto, sai ya tsaya ya dafa bayansa. Ya juya zarton, ya miƙa mata ta wajen mariƙi. Ta yanka, filta ta rabe biyu. Dukansu suka sunkuya, har da Tela da mai walda. Ba baƙi, ba fari.

"Me kika gani, 'yata?"

"Lafiyarta ƙalau, Baba."

"To, riƙe zarton," in ji shi. "Naki ne."